Gotar Lungunmu da Rumfar Hajiya Sabuwa

Maamobi, Accra,
Ƙarshen watan Yuni.

Zuwa ga Kawuna, Malam Iddrisu magini, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na 'ya ga mahaifinta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da Inna Ruhaina da duk mutanen gida, manya da yara. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana mai albarka, ya sa ciwon bayan da ya kwantar da kai bara ya zama kankarar zunubi, kada ya sake waiwayarka. Mun ji a bakin matafiya cewa har yanzu ruwa bai zauna sosai a wajenku ba. Allah ya saukar muku da damina mai albarka, wadda za ta cika rumbu ba tare da ta kayar da katangar kowa ba, amin.

Mu nan duk lafiya lau, sai godiyar Allah. Mma, ƙanwarka Ayishetu, tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar nan da ke tsikararta in ta daɗe a tsaye. Mun yi mun yi ta rage zuwa Kasuwar Malam Atta, ta ce ranar da ta daina zuwa kasuwa ranar tsufa zai gane ƙofar gidanta. Yanzu dai mun daidaita a kan ƙanwata Basma ta riƙa raka ta tana riƙe mata kaya, tunda ta gama jarrabawa tana zaman jiran sakamako. Babban albishir kuwa, wanda na san ya riga ya iso maka, matar Yaya Zulkifli ta sauka lafiya tun kafin damina, an sami namiji, an sa masa Abdulaziz. Mma ta rantse goshinka ne ya ɗauko, ni kuwa har yau ban ga komai a fuskarsa ba sai kumatu. Shagon Yaya na gyaran waya a unguwar Circle yana tafiya daidai gwargwado, ya ce in gaishe ka da kyau, in kuma faɗa maka yana nan yana shirin kawo maka yaron ka sa masa albarka in Allah ya kai mu bayan babbar Salla.

Dalilin wannan takarda, Kawu, shi ne tambayar da ka yi mini a waya kwanaki, game da aikin lungunmu. Na fara ba ka labari layi ya yanke, na sake kira ya sake yankewa, har na haƙura. Da na ji Alhaji Zuberu mai fataucin albasa zai bi ta wajenku, sai na ce bari in zauna in rubuta maka komai a tsanake, don labarin nan ba na tsaye ba ne, kuma kai ne mutumin da zai fi kowa jin daɗinsa, tunda da hannunka ka ɗora rabin katangun da ke lungun kafin ka koma gida. Ka san abin da ruwan sama ke yi mana duk shekara, yadda yake gangarowa daga tudu ya rasa hanya, ya bi ƙofofin mutane ɗaya bayan ɗaya. To bana Allah ya nufa kamfanin gine-ginen da nake wa aiki ya sami aikin gina mana magudanar ruwa mai murfi, wato gota a bakinmu na nan, tun daga bayan masallaci har bakin titi. Maigidana a wurin aiki, Injiniya Tetteh, ɗan ƙabilar Ga ne mai sanyin hali, ya kira ni ofis ya ce tunda ni 'yar unguwar ce, kuma ina jin Hausa da Twi da Turanci, ni zan riƙe aikin daga farko har ƙarshe. Ban taɓa riƙe aiki da kaina ba, kullum ina ofis wajen zane da awo. Ya ja mini kunne da abu guda, ya ce lallai a rufe gotar kafin babban ruwa ya sauka, domin ramin da aka haƙa aka bari a buɗe ya fi rashin gota sharri. Shi zai tattara ruwan duka ya kai shi ɗakunan mutane. Ɗakin Mma kuwa yana cikin na farko da zai shiga. Kafin in dawo gida ranar, ban san yadda aka yi ba, duk lungun ya ji cewa Latifar Ayishetu ce za ta gina gota.

Mutum biyu ne ginshiƙan aikin. Akwai Basit, shugaban magina, mutumin Tamale, wanda in ka ji maganarsa sau biyu a yini to ranar ya yi surutu. Sai Ukasha kafinta, ɗan unguwar Nima, mai kafa katakon da ake zuba kankare a ciki, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa sai in yana riƙe da ƙusa a leɓe. Leburori kuma kowa da yarensa, akwai Zabarmawa, akwai Kotokoli, akwai Frafra. Ni a wayona sai na buɗe mana zaure a WhatsApp, kullum da yamma in zauna in rubuta dogon bayani da Turanci, wane zai yi kaza gobe, wane zai yi kaza, in aika. Kafin in ajiye wayar sai in ga kowa ya turo hoton babban yatsa. In na haɗu da mutum na tambaye shi ko ya gane, ya ce to, ko ya ce yoo irin na Twi, ko ya ce ba matsala. Na riƙa kwana da daɗi ina cewa ashe riƙon aiki ba wuya.

Ranar da za mu fara zuba kankare ne asiri ya tonu, kuma za ka yi dariya in ka ji ranar da ta faɗo a kai. Ranar sunan Abdulaziz ce. Ni da kaina na sa a kawo tifar yashi da injin kwaɓa siminti a wannan safiya, ni da kaina kuma na taya ɗaura rumfunan suna a bakin lungu, amma abin nan biyu bai taɓa haɗuwa a kaina ba. Ɗaya yana ɓangaren aiki, ɗaya yana ɓangaren gida. Ana cikin rabon goro sai ga tifa ta kunno kai tana ƙara, ta tarar da kujeru da tukwane da mata cikin kwalliya sun cika hanya. Direban ya yi ta danna oda, har dai Mma ta aika masa da faranti cike da shinkafa da nama, ya kashe mota ya sauko ya zauna cikin 'yan suna. Na ruga wajen aikin da lallena da gyalena don in ce a ɗan jinkirta, sai na tarar ma babu abin da za a zuba kankaren a ciki. Ukasha bai kafa katako ba, yana jiran a ɗaure rodi. Basit bai sa an ɗaure rodi ba, yana jiran katako ya tsaya. Suna zaune a inuwa ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa, kowa kuma yana zaton ɗayan ya sanar da ni. Yashin dai a bakin titi aka juye shi, washegari aka yi ta jidarsa da baro.

Da hayaniyar suna ta lafa na zauna da su biyun, ba da faɗa ba, na roƙe su su gaya mini gaskiyar abin da ke faruwa da saƙonnina. Basit ya sunkuyar da kai ya ce dogon Turanci yana ba shi wahala, matarsa ce ke karanta masa in ta sami sarari, yatsan da yake turowa kuwa ma'anarsa ya ga saƙo ya shigo. Ukasha ya yi dariya ya ce ai ni ma 'yar Zango ce, na san to ɗinmu tana da 'ya'ya da yawa: akwai to ta na ji, akwai to ta zan duba, akwai to ta ƙyale ni in tafi, kuma ban taɓa tambayarsa wacce yake nufi ba. Maganar ta shige ni. Daga ranar na sauya hanya. Kullum da safe kafin a ɗauki shebur, sai mu tsaya a gindin darbejiyar masallaci, a tsaye don kada zance ya yi tsawo, kowa ya faɗi da bakinsa abin da zai yi yau da abin da yake jira daga hannun wani. In na ba da umarni ba na tambayar ko an gane, sai in ce mutum ya maimaita mini da yaren da ya fi masa sauƙi, wanda ya ji yaren ya fassara. Rubutun yamma na mayar da shi saƙon murya, gajere, ɗaya da Hausa ɗaya da Twi. Sannan duk ranar Juma'a ina zuwa wajen Liman in tambayi abin da ke tafe a unguwa, suna ne ko ɗaurin aure ko addu'ar mamaci, shi kuma ya sanar bayan salla ƙofofin da za a haƙa gabansu a makon, don a shimfiɗa wa tsofaffi katakon tsallakawa tun da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka sha faɗa mana haka, amma sai da tifa ta shiga taron suna na san da ni kake.

Aiki ya miƙe, har Injiniya Tetteh ya zo dubawa ya tsaya cikinmu a gindin darbejiya yana murmushi. Muka yi ta gangarowa har tsakiyar lungu, inda rumfar Hajiya Sabuwa mai koko da ƙosai take. Ka san ta sarai, aminiyar Mma ce, kuma ita ta yi wa Mma wankan jego ina jaririya, ta goya ni. Rumfar tata a kan hanyar ruwan take zaune daram, ba yadda gota za ta wuce sai an ɗaga ta. Tun farkon aikin Injiniya ya ce a gaya mata za a matsar da rumfar na ɗan lokaci, in an rufe gotar a mayar mata da ita a kan murfin. Ni ya kamata in je. Amma Kawu, kunya ta hana ni. Na rasa bakin da zan tsaya gaban matar da ta goya ni in ce mata ta kwashe kaskonta. Sai na ce wa Basit ya isar, shi kuma da yake ba mai magana ba ne ya ɗora wa Ukasha, Ukasha ya haɗu da Nasiha, 'yar Hajiya, a bakin famfo ya faɗa mata, Nasiha ta kai gida. Amsa ta biyo wannan hanyar ta dawo mini cewa Hajiya ta ce in mun isa mu zo mu taɓa. Na riƙa kewaye rumfar ina bin wani lungu zuwa aiki, na daina sayen kokonta. Ita ma in ta hango leburorinmu sai ta kau da kai.

Haƙa ya iso daf da rumfar ya tsaya cak. Sama kuwa ta fara sauya fuska, kullum da rana hadari ya haɗo ta wajen teku, ya yi baƙi, ya watse. Wani ɗan yayyafi da aka yi ya cika ramin har ya fara leƙa zauren maƙwabta, mutane suka fara magana, waɗanda jiya ke sa mini albarka suka koma tambayar Mma ko 'yarta ta san abin da take yi. Na je na gaya wa Injiniya halin da ake ciki. Ya ce ba ya son haka, amma in matar ta ƙi, dole ya kai maganar ga hukuma, su zo da jan fentinsu su rubuta a jikin rumfar, domin ba za a bar gidaje da yawa su nutse saboda rumfa ɗaya ba. Na san in jan fenti ya hau rumfar Hajiya Sabuwa da sunana, gotar za ta ginu amma zumuncin gidajen nan biyu ya rushe ke nan, kuma Mma ce za ta zauna da abin har ƙarshen ranta. Na roƙe shi ya ba ni zuwa gobe. Da na koma gida na zayyana wa Mma komai, ta tambaye ni abu ɗaya, ko ni da kaina na je. Na ce na aika. Ta dube ni ta ce zuwa da kai ya fi aike, kuma in zan je in ajiye hular kwanon nan ta aiki a gida, in sa mayafi, in riƙe goro.

Bayan la'asar na tafi. Na tarar da ita tana surfa waken gobe, na durƙusa na gaishe ta, na ajiye goron, na ja kujera 'yar tsuguno na kama taya ta wanke wake. Mun daɗe a haka. Can ta ce, ba ta ko dube ni ba, “Latifa, ni ce yau kike aiko wa kafinta ya ce za ki rushe mini rumfa?” Kawu, hawaye ne suka zubo mini. Na ce wallahi ba a ce a rushe ba, matsarwa aka ce, kuma za a mayar. Muka kira Nasiha, aka aika aka kira Ukasha, muka bi sawun maganar baki bayan baki. Ashe ni na ce a matsar na ɗan lokaci. Basit da Hausarsa ta kasuwa ya ce a ɗauke. Ukasha ya ce za a cire. Nasiha da ta ji cire, ta kuma ga abin da ake yi wa rumfuna a wasu unguwanni, ta ce wa uwarta za a rushe. Ɗan lokacin nan da mayarwar duk sun zube a hanya. Amsar Hajiya kuwa cewa ta yi mai maganar ya zo da kansa ya faɗa mata, ita ce ta iso kunnena a matsayin in mun isa mu zo. Ukasha ya dafe kai yana salati, Nasiha ta rufe fuska da gyale, Hajiya ta yi ta dariya har da tari. Ta ce ita da ruwan nan ya sha kashe wa wuta da kwashe wa itace, ita ce za ta hana a yi masa hanya? Abin da ya ƙona mata rai kawai shi ne yarinyar da ta goya ta wuce ta ta wani lungu.

Daga nan sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na tambaye ta me take buƙata. Ta ce wurin da za ta riƙa suya kafin a gama, don masu sayenta kada su watse, kuma murfin da za a mayar da ita a kai ya zama mai ƙwari, wanda zai ɗauki murhu da tukunyar koko da nata nauyin, wanda ta ce ba kaɗan ba ne. Na kira Injiniya a gabanta na faɗa masa, ya yarda a ƙara rodi da kauri a murfin wajen, har ya gaishe ta da 'yar Hausarsa ta Nima, ta amsa masa da yaren Ga. Washegari da sassafe Ukasha da mutanensa suka kwance rumfar a hankali, kwano bayan kwano, suka kafa ta a ƙofar gidanmu, kusa da darbejiyar da muke taruwa. Abin ya zame mata alheri, don duk ma'aikatanmu a wajenta suka koma karya kumallo, ita kuma ta zama kamar ɗaya daga cikinmu, tana juya ƙosai tana sauraron taron safe, wanda ya makara ta tambaye shi dalili kafin ni in buɗe baki.

Akwai abu ɗaya da ya faru daf da ƙarshe wanda na san kai magini za ka fi kowa gane nauyinsa. Wata safiya, an riga an kafa katakon sashen ƙarshe, an kawo siminti, kowa na ɗokin a zuba a huta, sai Basit ya ɗaga hannu a taro. Ya ce jiya bayan an tashi ya sake gwada gangaren da tiyon ruwa, ya ga tsakiyar sashen ya yi ciki, ruwa zai kwanta a wajen maimakon ya wuce, kuma kuskuren awonsa ne. Na dubi sama na ga hadari, zuciyata ta ce in ce a zuba haka nan, wa zai gani a ƙarƙashin murfi. Amma na tuna mutumin nan da a da ko katako bai iya cewa yana jira ba, yau ya tsaya gaban yaransa ya ce ya yi kuskure. In na ɓata fuska, ba shi ba, ba wanda zai sake kawo mini irin wannan labari. Na gode masa a gaban kowa. Ukasha, wanda na zaci zai yi masa tsiya, sai ya ɗauki gudumarsa ya fara zare ƙusoshin da ya buga jiya. Nan take na kira Injiniya na gaya masa za mu yi jinkiri da dalilinsa. Ya ce na kyauta da na faɗa da wuri, domin matsalar da aka faɗa da safe shebur ke gyara ta, wadda aka ɓoye har kankare ya bushe kuwa sai an fasa. Ranar ba wanda ya tafi hutun rana sai don salla, Hajiya ta aiko da ƙosai har cikin rami, kafin magariba an gyara gangaren an mayar da katako.

Muka ɗora murfin ƙarshe, muka mayar wa Hajiya da rumfarta a mazauninta, aka share lungu. Ba a yi mako ba babban ruwan ya zo. Ranar Asabar ce da hantsi, ina gida. Gari ya yi duhu kamar magariba, iska ta taso, sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Mma ba ta yarda da aikin 'yarta ba tukuna, don na juya na ga har ta ɗora katifa a kan tebur ta naɗe tabarmi. Na fito zaure na tsaya. Duk ƙofofin lungun akwai mutum a tsaye. Muka hango ruwan ya gangaro daga tudu, ja wur, yana tafe da ledoji da tarkace kamar yadda ya saba. Ya iso bayan masallaci, ya faɗa bakin gotar, ya ɓace. Sai ƙararsa kawai muke ji a ƙarƙashin ƙasa yana wucewa. Muka jira ya cika ya tumbatso, bai tumbatso ba. Wata tsohuwa ce ta fara rangaɗa guɗa daga can ƙasan lungu, sai ko'ina ya ɗauka. Ana cikin haka sai ga Basit ya sauko daga kan babur, jiƙe sharkaf, ya baro wani aikin a wata unguwa don ya gani da idonsa. Bai gaishe da kowa ba, ya wuce kai tsaye sashen da ya gyara, ya durƙusa cikin ruwan ya kara kunnensa a kan murfi. Da ya ɗago na ga haƙoransa duka, karo na farko tun da na san shi.

Na ruga cikin ruwan zuwa rumfar Hajiya. Wutarta na ci, mai na tafasa, ƙafafunta a bushe a kan murfin. Ta hana kowa biyan ƙosai ranar. Ta kama hannuna ta zaunar da ni kusa da ita a kan benci, ta buga ƙafa a kan kankaren ta ce, “Kin ji shi? Tun ina amarya yake korata daga wajen nan, yau ga shi yana bi ta ƙarƙashina da ladabi.” Muka zauna ni da ita muna sauraronsa har ya ɗauke.

Yanzu Injiniya ya ba ni wani aikin a unguwar Kotobabi, ya fi wannan girma, kuma can ba wanda ya san ni balle ya yi mini uzuri. Basit da Ukasha duk suna tare da ni. Ba mu taɓa ƙasa ba tukuna. Wannan makon gaba ɗaya gaisuwa nake yi gida gida, ina faɗa wa kowa da bakina abin da za a yi a ƙofarsa, ina jin nasa. Ina roƙon ka sa ni a addu'a, Kawu, Allah ya ba ni kunnen saurare da ƙarfin halin faɗin gaskiya ga babba da ƙarami. In kuma akwai wata dabara ta zama da ma'aikata da ka tara a shekarunka na gini, ka sa a rubuto mini ita ta hannun Alhaji Zuberu in zai dawo, ina buƙatarta.

Mma tana gaishe ka ƙwarai, ta ba da ɗan ƙunshin shito, soyayyen yajin nan namu, da man kaɗanya a kawo wa Inna Ruhaina. Yaya Zulkifli da maiɗakinsa da Basma suna gaisuwa. Liman ya ce in isar maka da sallamarsa, Hajiya Sabuwa kuma ta ce in gaya maka kokonka na nan a ajiye duk ranar da ka zo. Ka gaishe mini da Inna Ruhaina da kyau da kyau, da Yaya Abdulmajeed da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye mu. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalamu alaikum.

Ni ce 'yarka mai neman albarkarka kullum,
Latifa.